Zuwa Damagaram da Ciwon Hannun da Aka Binne

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A majalisa, a ƙofar masallaci, har a bakin rijiya, tambayar ɗaya ce: "Habu, yaya Nijar? An yi aikin kuwa?" Wasu don Allah suke tambaya, wasu kuma so suke su ji ko haukan ya lafa. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna nake danna wannan labari a waya da babban yatsana na hagu. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Idan kun ji zafi a maganata, kada ku ce Nijar ce ta canza ni. Da shi na tafi.

Ga wanda bai san ni ba, manomi ne ni a wani ƙauye a ƙasar Makoɗa. Shekarun baya da kaka, muna casar dawa, injin ya kama hannun rigata ya ja hannuna na dama. A asibitin birni aka ƙarasa yanke shi daga ƙasan gwiwa. 'Yan'uwa suka naɗe guntun a farin ƙyalle suka binne a gefen maƙabarta. Dungun ya warke sarai. Amma hannun da aka binne bai daina ciwo ba. Ina jin sa a dunƙule, farata sun nutse cikin tafin, kamar an damƙa min garwashi an ɗaure yatsun a kai. Ba na iya buɗe shi, don babu abin da zan buɗe.

Na koma asibiti. Likitan da na samu bai ko ɗago kai sosai ba, ya ce, "Malam, hannun ma ai babu shi, ina zai yi ciwo?" Ma'aikaciyar da ke gefensa ta danne dariya. A gida aka ce aljana ce ta shiga dungun, aka yi min hayaƙi har idona ya kumbura. Wani ya ce a tanƙware aka binne hannun, a tono a miƙar da shi. Wanda ya saurare ni shi ne mai kemis ɗin bakin kasuwa, shi ma don yana da abin sayarwa ne. Ya ba ni tiramol. Na fara da ɗaya, na wayi gari ba na iya tashi sai da ita.

Yaya Isyaku shi ne babbanmu tun rasuwar Baba. A wurinsa maganar ba ta da tsawo: ragwanci ne da shaye-shaye. Matata Hajara ce ta ji shi yana gaya wa kawunmu cewa da an gama kai amfani gida, za su kai ni gidan mari a ɗaure ni sai na dawo hayyacina. Ta gaya min tana kuka. A makon ne Bulus, wanda gonarsa ke iyaka da tawa, ya ba ni labarin wani asibitin mishan a wajen Damagaram inda aka yi wa gwaggonsa aikin ƙafa. Bulus Kirista ne, kakanninsa Maguzawa, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Ya ce, "Mutanen nan sun iya wuƙa. In jijiya ce ta lalace, za su yanke ta. Ni zan raka ka." Abin da nake so ke nan. A ƙara yanke dungun, ko har kafaɗa ne, in dai zan huta.

Muka hau babur zuwa Ɗambatta, daga nan muka shiga motar Daura. Mutum huɗu a layin mutum uku, ni a tsakiya, wani mai buhun barkono a damana, buhun a cinyarsa yana gogar dungun duk lokacin da muka faɗa rami. Da kwandasta ya zo karɓar kuɗi na miƙa masa da hagu. Hannun rigata ya rufe dungun, bai gani ba. Ya ɗaga murya kowa ya ji: "Kai ba a koya maka ladabi a gidanku ba? Da hagu kake miƙo min?" Na janye hannun rigar na ɗaga masa dungun a gaban fuskarsa. Na ce, "Ga na daman, karɓi." Ya yi ta ba da haƙuri har muka wuce Kazaure, ni kuwa na kawar da kai ina huci. Bulus ya taɓa ni ya ce, "Ya isa haka, Habu, bai sani ba." Kullum haka ake ce min, bai sani ba.

A iyaka ne tafiyar ta kusa ƙarewa. Ɓangarenmu muka wuce lafiya. A tsallake aka sauke mu duka, aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Wani dogon jandarma, ɗan sandan can, ya laluba aljihuna ya zaro ƙullin ledar da na zuba ƙwayoyina a ciki. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Mushe, mine ne wannan?" Mushe a wurinsu malam ke nan, amma ni da na fara ji na ɗauka gawa yake kirana. Na ce magani ne. Ya ce ina takardar likita? Babu. Mai kemis ba ya ba da takarda. Suka zaunar da ni a benci cikin rana tare da wasu samari biyu da aka kama da jarkokin fetur. Motarmu ta gaji da jira ta tafi.

Bulus ya yi ta bin su yana roƙo, ya cire hula, ya nuna musu sunan asibitin da za mu. Na nuna wa jandarman dungun. Ya duba, ya ce, "To ai ya warke." Wallahi da ina da hannu biyu a lokacin nan, da ban san abin da zan yi ba. Na bar ƙasata saboda wannan magana, ga ta ta riga ni tsallaka iyaka. Daga baya babbansu ya fito, ya dube ni, ya ce a sake ni, amma ƙwayoyin sun zauna.

Mota ta gaba tsohuwar a-kori-kura ce, muka hau baya tare da tumaki. Kafin mu kai Matamaye jikina ya fara neman abin da ya saba. Gumi, hamma, hanci na zuba, ciki na murɗawa. Sau biyu na buga rufin motar direba ya tsaya na ruga bayan geza. Hannun kuwa kamar ana matse shi da filaya. Wani Buzu mai rawani da ke zaune kan buhun gishiri ya yi ta kallona. Da muka tsaya sallar La'asar ya fito da 'yar butarsa da gawayi, ya dafa shayi mai ɗaci kamar maɗaci, ya zuba a ɗan kofin gilashi ya sa min a hannu. Bai tambaye ni komai ba. A duk hanyar nan shi kaɗai ne ban ji haushinsa ba.

Mun isa da yamma. Na tambayi mai gadi ina likita, ya nuna min ginin gaba ɗaya. Na sake tambaya, ya sake nunawa. Har na fara masifa, sai wata mata ta fahimtar da mu cewa a can asibitin ne ake kira likita, mutumin kuma lokotoro. Masauki babu ɗaki, doguwar rumfa ce ta 'yan jinya a bayan asibitin, kowane iyali da tabarmarsa da murhunsa. Bulus ya samo mana wuri kusa da katanga. Abincinsu bai yi nisa da namu ba, tuwon gero da miyar kuka, sai dai fura da suke ce wa hura, suna shan ta safe da rana kamar ruwa. Burodinsu ne ya ba ni haushi. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa da tauri, mai hannu ɗaya ba ya iya gutsura sai ya danne shi da gwiwa. Bulus ya sayo soyayyun fari a takarda yana ta santi, ni ko ƙamshinsu ban iya jurewa ba.

Da safe muka ga lokotoro, wani dattijo mai furfura a gemu. Shi dai ya taɓa dungun, ya matsa nan, ya ƙwanƙwasa can. Ya tambaye ni ƙwayar da nake sha, na faɗa masa gaskiya. Ya ce daina shan ta lokaci ɗaya haɗari ne, za su riƙa ba ni da hannunsu suna ragewa. Sannan ya ce, "Aikin da aka yi maka a Kano mai kyau ne. Babu abin da zan yanke. Ko na cire har kafaɗa, ciwon nan zai bi ka." Ya ce zai tura ni wurin Madam Zuwaira, mai kula da tunanin marasa lafiya.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Tunani? Na baro gida saboda za a ɗaure ni a matsayin mahaukaci, na sha rana a iyaka, na yi zawo a daji, don ku ma ku ce min mahaukaci da Faransanci?" Na shuri kujera. Bulus ya rungume ni ta baya ya fitar da ni. A rumfa na fara tattara kayana. Ya zauna yana kallona, sai da na gama ya ce, "To mu tafi. Ka koma wurin Isyaku a haka, jiki na rawa, babu ƙwaya, babu aiki. Ka ga ka sauƙaƙa masa." Ban tafi ba. Kada wani ya ce hankali na yi. Ƙwayar da za su ba ni ce ta zaunar da ni, kuma sharaɗinta shi ne in ga matar.

Madam Zuwaira gajeriya ce, mai tabarau, ba ta kai ni shekaru ba. Ofishinta babu allura, babu gado, kujeru ne biyu da tebur. Na zauna na juya mata gefe. Ta ce, "Malam Habu, a wane yatsa yake farawa?"

Na juyo na dube ta. Tun ranar da aka yanke hannun babu mahaluƙin da ya yi min wannan tambaya. Na ce, "Ɗan ƙaramin."

"A dunƙule hannun yake ko a buɗe?"

"A dunƙule."

"Faratan suna shiga tafin?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Mutane da yawa da suka zauna a kujerar nan. Ciwonka gaskiya ne, ba ƙarya kake ba, kuma ba hauka ba ne. Yawancin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin irinsa." Ta yi min bayani a hankali. Ta ce duk ciwon da mutum ke ji, a kai ake jin sa, ko da hannu ko babu. Ƙwaƙwalwata ba ta yarda hannun ya tafi ba. Tana aika masa saƙo ya buɗe, ba ta ga ya buɗe ba, sai ta ƙara matsawa. "Za mu gwada nuna mata ya buɗe," in ji ta.

Ta jawo madubi daga bayan kabad, irin na ɗakin mata, ta tsayar da shi a kan tebur daidai ƙirjina. Dungun ta sa a bayansa, hannun hagu a gabansa. Ta ce in leƙa. Na leƙa, sai ga hannaye biyu a kan tebur. Ta ce in dunƙule na hagu, in buɗe a hankali, ina kallon na cikin madubin kamar shi ne na daman. Na yi. Babu abin da ya faru sai jiri da tashin zuciya. Na ture madubin na ce wasan yara ne. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Gobe da safe."

Na yi ta komawa ina ƙunƙuni. Wata safiya, ina kallon yatsun cikin madubin suna miƙewa, sai na ji ɗan ƙaramin yatsan dama ya motsa. Na sake dunƙulewa na buɗe. Na biyu ya bi shi, sannan sauran. Faratan suka fita daga tafin. Na ji iska a tsakiyar hannuna, hannun da ke cikin ƙasa a Makoɗa. Na kifa kai a tebur na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da injin ya kama ni. Madam ta fita ta ja ƙofa.

Kada ku ɗauka shi ke nan. Kafin Magariba ciwon ya dawo, na koma mata washegari a fusace na ce ta yaudare ni. Ta ce ba ta yi min alkawarin warkewa ba, kuma akwai waɗanda madubin ba ya yi musu komai. Abin da za ta koya min shi ne yadda zan rage shi in ya taso, da yadda zan yi rayuwa ko yana nan. Ta sa ni cikin masu zaman da'ira a gindin wata bishiyar dalbejiya. Maza da mata a tabarma ɗaya, kowa na faɗin ciwonsa a gaban kowa. A garinmu wa zai yi haka? Akwai Baba Ari, tsohon soja da ya rasa ƙafa, ya ce shekara da shekaru yana sosa ƙafar katako in ƙaiƙayi ya dame shi, matarsa na dariya. Akwai wata Inna Fanta mai ciwon baya da ta daina sunkuyawa gaba ɗaya don tsoro, ana koya mata ɗaukar tsintsiya kamar yarinya. Aka koya mana jan numfashi a hankali, da sakin kafaɗa, da yin aiki kaɗan-kaɗan maimakon mutum ya kashe kansa ranar da ya ji sauƙi ya kwanta kwana da kwanaki. Aka ce kowa ya lura da abin da ke tayar masa da ciwon. Ni na gano nawa da wuri. Da na tuna Yaya Isyaku, hannun ke dunƙulewa.

Na faɗa wa Madam. Ta ce fushi da tsoro suna ƙara wa ciwo ƙarfi. Na ce, "To in yafe ke nan? Bayan hayaƙi, bayan dariya, bayan ɗaurin da ake shirya min?" Ta ce, "Ban ce ka yafe ba, wannan tsakaninka da su ne. Kana da dalilin fushi. Ni dai so nake in ya zo ka gane shi, ka sassauta jikinka, kada ya sauka a hannun." Har yau ina koyon wannan, kuma ban iya sosai ba.

Ana gobe za mu taho na tambaye ta, wannan ilimi a Nijar kaɗai yake? Ta yi dariya ta ce a'a, tsohon abu ne, yana cikin littattafan da ake karantawa a ko'ina, kuma ta tabbata a manyan asibitocin Kano akwai waɗanda suka fi ta saninsa. Ta ɗauka daɗi zan ji. Wannan magana ta fi komai ƙona min rai a duk tafiyar. Ashe abin yana nan kusa da ni. Da likitan farko ya ɗago kai ya ce, Malam, an san wannan ciwo, je ka ɗaki kaza, da ban san ƙofar mai kemis ba. Da 'ya'yana ba su ga ubansu yana birgima a tsakar gida ana tofa masa ruwa ba. Kuma mu nawa ne? Kowace kaka injin casa sai ya ci hannun wani a ƙasar nan. Suna ina? Wa ya tambaye su a wane yatsa yake farawa?

Dawowa ba ta yi wuya ba, don babu abin da za a ƙwace a aljihuna. Na sauka gida na kwance madubin jikin sif ɗin Hajara, ita ta riƙe min sukundireba. Ciwon yana nan, amma ya ragu ƙwarai, ina barci, kuma na rabu da ƙwaya. Na koma gona, ina abin da hannu ɗaya zai iya.

Kwanaki kaɗan da dawowata, da hantsi, ina zaune a zaure da madubin a kan turmi ina buɗe yatsu, Yaya Isyaku ya shigo tare da kawunmu. Ya tsaya yana kallona. Ya juya ya ce, "Kawu, ka gani da idonka. Ya je ya dawo yana wasa da madubin mata. Me kuma muke jira?"

Na ji hannun ya fara dunƙulewa. Na ja numfashi yadda aka koya min. Na ce, "Yaya, zauna nan."

"In zauna in yi me?"

"In ka zauna ka tashi, ka kai ni duk inda kake so."

Kawu ya ce, "Zauna mana, Isyaku."

Ya zauna yana tsaki. Na sa hannunsa na dama a bayan madubin, na hagu a gaba. Na ce ya ajiye na daman kada ya motsa shi, ya riƙa buɗe na hagun yana rufewa, idonsa a cikin madubin. Ya yi sau ɗaya, sau biyu. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya fizge hannun daga bayan madubin ya riƙe shi da ɗayan yana jujjuyawa. Ya ce, "A'uzubillahi. Na ga yana motsi, ni kuma ban motsa shi ba. Wani iri na ji har kafaɗa."

Na ce, "Da hannunka lafiya lau ke nan, ido ya gaya wa kanka abu, jikinka ya amsa. To ni nawa kan bai san an binne hannun ba. Shi yake matsawa dare da rana. Abin da lokotoro ya faɗa ke nan, kuma sunan ciwon yana cikin littafinsu."

Ya ƙura wa dungun ido, kamar ranar ya fara ganinsa. Kawu ya ce maganar gidan mari a bar ta. Yaya ya gyaɗa kai. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya juyo. Na ɗauka haƙuri zai ba ni, har na fara tunanin abin da zan ce masa.

Ya ce, "Kai ma dai, Habu. Ai da ka faɗa mana ciwo yake yi maka."